Tambayi Likita: A Tsaga Ƙirji Ko a Bi ta Jijiyar Cinya?

Wasiƙun wannan watan duk a kan bawul ɗaya na zuciya suke, wanda likitoci ke kira maitiral. Na haɗa su wuri guda domin amsar wannan tana shiga cikin ta wancan. Kamar kullum, na cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 23, haihuwarta ɗaya. Tun da ta haihu take haki, ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta huta. An yi mata hoton zuciya, aka ce bawul ɗinta ya tsuke kuma yana ɗan yoyo, wai sai an yi mata aiki. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, an nuna wani ɗan ƙarfe mai suna MitraClip da ake sawa ta jijiyar cinya, kwana biyu mutum ya koma gida. Ya ce zai taimaka da kuɗi. Me ya sa likitocinmu suka nace sai an tsaga mata ƙirji? *Wani mahaifi, Gusau*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya saka wa ƙanenka da alheri. Sai dai ka ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, domin ƙarfen da ya gani a bidiyo ba don irin ciwon 'yarka aka ƙera shi ba.

Bawul ɗin maitiral ƙofa ce mai ƙyaure biyu, tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na ɓangaren hagu na zuciya. Jinin da ya ɗebo iska daga huhu ta nan yake wucewa, sannan ƙyauren su rufe kada ya koma baya. Lalacewarsa iri biyu ce. Ko dai ƙofar ta ƙi buɗewa sosai, a nan za ka ga an rubuta MS a takardar eko, wato hoton zuciya, ko kuma ta ƙi rufuwa ruf, jini ya riƙa komawa baya, a rubuta MR. Aikin MitraClip shi ne ya kamo bakin ƙyauren biyu daga tsakiya ya haɗe su don a rage yoyo. To ƙofar da dama ƙunci ne matsalarta, in aka ƙara tsuke ta ai an ƙara mata ciwo. Kamfanin Abbott da ke yin sa ma ya rubuta a takardarsa cewa ba a sa wa wanda zazzaɓin rumatik ya ɓata wa bawul.

Ban ga 'yarka ba, amma mace 'yar shekara 23 a ƙasar nan da bawul ɗinta ya tsuke, kusan kullum wannan zazzaɓin ne sila. Daga ciwon maƙogwaro yake farawa tun ana yara, irin wanda muke saya wa farasitamol ko mu kai wa wanzami ya cire beli. Ƙwayar cutar ta tafi abinta, amma garkuwar jikin da ta tashi yaƙarta sai ta afka wa bawul. Shekara goma, shekara ashirin, ƙyauren suna kauri suna mannewa ta gefe, ba wanda ya sani. Faɗin lafiyayyar ƙofa yakan kai murabba'in santimita 4 zuwa 6. In ya sauko 1.5 ko ƙasa da haka, ciwo ya yi tsanani. Juna biyu ne kan tona masa asiri, saboda jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya ta ƙara sauri, ƙofar kuwa tana nan yadda take. Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi masu wannan ciwo 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su haura shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan 17 cikin 100 sun rasu.

Yanzu ka buɗe kunne. Akwai hanyar bututu da ta dace da irin wannan ciwon, kuma ta girmi kilif ɗin, wato MitraClip, da kusan shekara 20. Wani likitan Japan, Kanji Inoue, shi ya bayyana ta a 1984. Ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har ya isa ɓangaren dama na zuciya, a huda bangon da ya raba ɗakunan sama biyu, a tsallaka hagu. A bakin bututun akwai balan-balan. In ya shiga ƙofar sai a cika shi da ruwa na 'yan daƙiƙoƙi, wurin da ya manne ya tsage, a zuƙe ruwan a janye. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci gaba ɗaya. Na taɓa tsayawa a kan wata yarinya ana yi mata, idona na kan allon da ke nuna matsin jini a ɗakin sama. Tun kafin a zare bututun layin ya faɗo ƙasa. Washegari da ƙafarta ta taka zuwa banɗaki, ita da a da sai an riƙe ta. A Tunisiya an gwada wannan hanya da tiyata a kan mutum 90, aka bi su shekara bakwai, sakamakon ya fito a 1998: balan-balan bai gaza buɗe ƙirji ba ga waɗanda bawul ɗinsu ya dace.

Kalmar “yana ɗan yoyo” da ka faɗa, nan gizo ke saƙar. Balan-balan yana da sharuɗɗa. Kada yoyon ya wuce ɗan kaɗan, domin tsagewar tana iya ƙara shi. Kada a sami gudan jini a ɗakin sama na hagu, don in bututu ya taɓa shi zai iya tafiya ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Shi ya sa ake fara yin hoton da ake zura na'ura ta maƙogwaro. Kuma kada ƙyauren su riga su ƙandare. Mutanenmu kan zo a makare, ciwon ya haɗa tsukewa da yoyo, wani lokaci ya taɓa bawul na biyu. A irin wannan hali likitocin 'yarka suna kan daidai, tiyata ce. Amma ka koma ka tambaye su kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: nawa ne faɗin ƙofar, yoyon wane mataki ya kai, kuma an ce tiyata ne don bawul ɗin bai dace da balan-balan ba, ko don babu mai yin sa a asibitin? Amsa biyun nan ba ɗaya ba ce. Kafin a warware wannan kuma, kada ta sake ɗaukar ciki.

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu shekararta 76, tana da hawan jini da ciwon suga. Zuciyarta ta kumbura, ƙafafunta ma haka, bana sau uku ana kwantar da ita. An ce bawul ɗin maitiral yana yoyo sosai amma ba za ta jure tiyata ba. Wani asibiti a Indiya ya ce zai sa mata kilif. Mun yanke shawarar sayar da filin da babanmu ya bar mana. Abin yana aiki kuwa? *Wata Hajiya, Kano*

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya, ya yi muku albarka. Ita kam tana cikin mutanen da aka yi kilif dominsu. Duk da haka ina so ku dakata da maganar fili har ku ji wannan.

Daga bayaninki, bawul ɗin Mama lafiyarsa lau. Zuciyar ce ta yi rauni ta buɗe, ta ja ƙyauren biyu suka daina haɗuwa. A shekarar 2018 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito a kan irin wannan yoyo, kuma suka saɓa wa juna har likitocin zuciya suka yi ta gardama a taruka. Na Faransa, MITRA-FR, ya ɗauki mutum 304, rabi aka sa musu kilif tare da magani, rabi magani kaɗai. Bayan shekara ɗaya ba a ga bambanci ba: a kowane ɓangare sama da rabi sun rasu ko an sake kwantar da su. Na Amurka da Kanada, COAPT, ya ɗauki mutum 614. Bayan shekara biyu, 29 cikin 100 na masu kilif sun rasu, masu magani kaɗai kuwa 46 cikin 100, kuma komawa gadon asibiti ya ragu da kusan rabi. Na'ura iri ɗaya, sakamako hannun riga.

Da aka zauna aka duba, sai aka ga ba irin mutane ɗaya aka ɗauka ba. Na Faransa zukatansu sun fi buɗewa, yoyon kuma bai kai na mutanen COAPT ba. Wato zuciyar ce ta gaji, toshe yoyo ba zai dawo da ita ba. Na COAPT yoyonsu ya fi yawa, zuciyar kuma da sauran ƙarfinta. Sannan kafin a karɓi mutum a COAPT sai wani kwamiti ya tabbatar an kai maganinsa iyakar abin da jikinsa zai ɗauka. Wannan sharaɗin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi shafarmu. Sau da yawa nakan karɓi ledar maganin tsohuwa mai raunin zuciya in zazzage a kan tebur, in tarar da Lasix da maganin hawan jini guda ɗaya, shi ke nan. Alhali yau rukuni huɗu ne na magani ake haɗa wa mai wannan ciwo, ana ƙara su sannu a hankali, kuma ga mutane da dama in an yi haka zuciya takan ɗan tsuke, yoyon ya ragu da kansa.

Don haka ku kai Mama wurin likitan zuciya ya daidaita mata magani na 'yan watanni, a sake eko. In yoyon na nan da tsananinsa, ku tura wa asibitin can hoton kansa, ba takardar rahoto kaɗai ba, ku tambaye su ko zuciyarta ta fi kama da ta mutanen COAPT ko ta mutanen Faransa. Ku kuma san abin da kuke saya. Kilif ɗin kansa a Amurka ya kai wajen dala 30,000 kafin a yi maganar gado da likita. Kuma ko a COAPT, da aka kai shekara biyar, 57 cikin 100 na masu kilif sun rasu, ɗaya ɓangaren 67. Abin da yake bayarwa shi ne sauƙin numfashi, raguwar zaryar asibiti, da ƙarin kwana ga wasu in Allah ya so. Ba ƙaramin abu ba ne ga uwa, amma ba warkewa ba ce.

Bari in raɓa wata magana a nan saboda masu jego. Raunin zuciya bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 kuma ƙasar Hausa ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, shi ma yana jawo irin wannan yoyo. Mace ta ga MR a takardarta ta tsorata. Yawanci ba wuƙa ba kilif, magani ne, in zuciyar ta farfaɗo yoyon ya bi ta.

Tambaya: Ni malamin sakandare ne, shekarata 55, ba ni da wani ciwo. An ce wata igiya da ke riƙe da bawul ɗina ta tsinke, jini yana komawa baya sosai. Na karanta a intanet cewa a Turai da Amurka an kusa daina tiyatar bawul, kowa bututu ake yi masa. In jira har abin ya iso mana? *Wani malami, Zariya*

Amsa: Malam, kada ka jira. Abin da ka karanta rabinsa gaskiya ne. An fara sa wa ɗan Adam wannan kilif a 2003 a Karakas ta ƙasar Benezuwela, Turai ta amince da shi a 2008, Amurka a 2013. A rajistar Amurka, waɗanda aka yi wa sun tashi daga dubu ɗaya da 'yan kai a 2014 zuwa sama da 10,000 a 2019, shekarar da aka buɗe shi ga masu raunin zuciya. A 2022 wani kamfanin, Edwards, ya sami izinin nasa mai suna PASCAL. Amma ka tambayi su wa ake yi wa. Rabin mutanen da ke cikin waccan rajista sun kai shekara 80. Yawancinsu tsofaffi ne da a da ake sallama su koma gida saboda ba mai iya yi musu tiyata.

Gwajin da ya haɗa kilif da tiyata fuska da fuska a kan mutanen da za su iya jure aiki shi ne EVEREST II, mutum 279, aka buga shi a 2011. A watan farko kilif ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, matsaloli 15 cikin 100, tiyata 48, ko da yake mafi yawan na tiyatar ƙarin jini ne. Sai dai kafin shekara ta zagayo, 20 cikin 100 na masu kilif sai da aka koma aka buɗe musu ƙirji, a ɓangaren tiyata kuwa 2 kacal aka sake yi wa aiki. A shekara biyar yawan mutuwa bai bambanta ba. Na'urar ta inganta tun daga lokacin, hannun masu sa ta ma ya faɗa, kuma a 2024 wani gwajin Jamus, MATTERHORN, ya nuna ba ta gaza tiyata ba a shekarar farko. Amma wancan a kan yoyon raunin zuciya ne irin na mahaifiyar Hajiya, ba irin naka ba.

Dalilin bambancin yana cikin aikin kansa. Dabarar kilif an aro ta ne daga wani ɗinki da likitan Italiya Ottavio Alfieri ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990, kuma masu tiyata sun gano ɗinkin ya fi ƙarko in an haɗa shi da zobe a kewayen ƙofar. Kilif ba ya sa zobe. Mai tiyata kuwa yana tsayar da zuciya, na'ura ta karɓi aikinta da na huhu, ya ga bawul ɗin da idonsa, ya maye igiyar da ta tsinke da zare, ya ɗinka zobe, bisa tsarin da Alain Carpentier na Faransa ya shimfiɗa. A hannun da ya saba, haɗarin mutuwa ga mutum irinka bai kai 1 cikin 100 ba, kuma gyaran kan yi shekara 15 zuwa 20 ga mafi yawa. Wani abu kuma da ba a faɗa a bidiyo: in kilif ya gaza aka zo tiyata daga baya, sau da yawa bawul ɗin ba ya gyaruwa, sai dai a cire a sa na kanti.

Ni da ɗan'uwana ne kai, tiyatar gyara zan ce ka yi, kuma tun zuciya ba ta fara buɗewa ba. Tambayar da za ka yi wa mai aikin ita ce bawul nawa yake gyarawa a shekara, ba nawa yake canzawa ba. An fara buɗe zuciya a Najeriya tun 1974 a Inugu, amma har yau gyaran maitiral aiki ne na hannu, kuma hannu sai da yawan yi.

Tambaya: Likita, shekarata 27, ban taɓa haihuwa ba. An ce bawul ɗina ba zai gyaru ba, sai an canza. An ce in zaɓa, na ƙarfe ko na nama. Mijina ya ce na ƙarfe tunda ba ya lalacewa. Ni kuma ina son haihuwa. *Wata baiwar Allah, Damagaram*

Amsa: 'Yar'uwa, maigidanki ya faɗi gaskiya, na ƙarfe yakan yi wa mutum har ƙarshen rayuwa. Amma yana zuwa da wafarin, maganin tsinka jini da za ki sha kullum ba fashi, da gwajin jini na INR da ake son ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. In ya yi ƙasa jini ya daskare a kan ƙarfen, in ya yi sama jini ya ɓalle. Sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji ba su halatta ga mai bawul na ƙarfe ba. Ko ga masu ciwon rumatik da bugun zuciyarsu ya rikice, gwajin INVICTUS na 2022 ya nuna tsohon wafarin ya fi rage mutuwa. Akwai wata mara lafiyata da kan shigo motar kasuwa daga ƙauye da ɗan littafinta na INR a cikin leda, wani zuwan a ce mata babu sinadarin gwaji, ta koma haka nan. In ɗakin ya yi tsit ina jin ƙarar bawul ɗinta, kas-kas-kas, ba tare da na sa abin sauraro ba. Kafin ki zaɓi ƙarfe, ki fara sanin inda za ki riƙa yin wannan gwajin da abin da zai ci miki kowane wata.

Ga mai son haihuwa kuma, wafarin yana iya cutar da halittar jariri, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, in kuma aka sauya shi da allurar tsinka jini haɗarin ya koma kan uwa. Ana yin cikin a haihu lafiya, amma sai da kulawa ta kusa sosai. Na nama ba ya buƙatar wafarin na dindindin in bugun zuciyarki daidai yake, ciki ya fi sauƙi da shi. Aibinsa shi ne yana tsufa, wajen shekara 10 zuwa 15 ga manya, ga mai shekarunki kuma yakan gaza kafin haka. Wato kin sayi damar haihuwa da alƙawarin aiki na biyu. A nan bututu ya fara shigowa: tun 2017 Amurka ta amince a zura sabon bawul ta jijiya a dasa shi cikin tsohon na nama da ya lalace, ga waɗanda tiyata ta biyu ke da haɗari a gare su. Kada dai ki gina lissafinki a kan haka, domin tsadarsa da nisansa. Na nama ana yin sa da fatar zuciyar saniya ko bawul ɗin alade, ki tambaya wanne ne za a sa miki, hukuncin kuma ki ji daga malamai.

Maganar kuɗi, Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007 ta yi wa dubban 'yan Afirka tiyatar bawul kyauta, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya dagula zuwa can, sai likitanki ya bincika miki halin da ake ciki. Ku koma wurin mai tiyatar ke da maigidan tare, ki faɗi maganar haihuwa da bakinki a gabansa. Kowanne kika zaɓa, in zazzaɓin rumatik ne ya ɓata miki bawul, allurar fenisilin ta duk mako uku ko huɗu da ke hana shi dawowa ba ta tsayawa don an yi aiki, za ki ci gaba da ita aƙalla har shekara 40, wasu har iya rayuwa. In kuma kina da ƙanne a gida, a kai su a yi musu eko. A Yuganda an gwada wannan allura a kan yaran da hoto ya nuna ciwon ya fara taɓa su ba su sani ba: cikin shekara biyu, ƙasa da 1 cikin 100 na masu karɓarta ne ciwon ya ci gaba, waɗanda ba a yi wa ba kuwa 8 cikin 100.